Yatsu Biyu Tsakanin Ƙarfe da Katako

Ma'aikacin kotu ya daɗe a tsaye da ƙaton kwaɗo a hannu, yana neman inda zai rataya shi. Ya shafa ƙyauren daga sama har ƙasa, ya leƙa gefe, ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa. Babu zobe, babu sakata ta waje, babu ko kan ƙusa ɗaya da mutum zai ce ga ƙarfe.

"Wa ya yi wannan ƙofar?" ya tambaya.

"Mai gidan," in ji mai kanti daga cikin 'yan kallo. "Kafinta ne. Yana ciki a kwance."

Mutumin banki, wani matashi mai farar riga da jakar takardu a hammata, ya dubi agogo. "To a fito da su mana, a kulle da makullin gidan."

"Makullin gidan?" Ma'aikacin kotu ya girgiza kai. "Ka san mutum nawa ke da irinsa? Ni ba na fitar da kowa sai na ga inda kwaɗonku zai kama. In na bar gida a buɗe aka kwashe wayoyin wuta da famfo, ni za a tambaya. Ku nemo mai walda ya sa mana ƙarfe, sannan a yi maganar fitarwa."

Ba su sha wahalar nema ba. Shagon mai walda yana tsallaken titi, ƙofa na kallon ƙofa. Shi kuwa yana tsaye a bakin shagon, ya ɗage baƙin gilashinsa zuwa goshi, yana jin komai.

Shekara ashirin da biyu suna maƙwabtaka da Baba Kafinta, kuma babu ranar da ta wuce ba su tsokani juna ba. Tsohon yana kiransa Ɗan Tartsatsi. Yakan ce walda ba sana'a ba ce, liƙe-liƙe ne da hayaƙi. Shi kuma yakan ce, "Baba, kai ai gara kake yi wa girki." Amma ranar da mai walda ya zo layin ba shi da komai sai injin haya, tsohon ne ya haɗa masa tebur da benci, ya ƙi karɓar ko sisi. Har yau a kan bencin yake zama.

Yadda aka yi gidan ya faɗa hannun banki kuwa ba wani sirri ba ne. Ɗan Baba Kafinta, namiji ɗaya tilo, ya so sayen babbar motar ɗaukar kaya. Banki ya ce sai da jingina. Ya zo ya durƙusa, uban ya ɗauko takardar gida daga ƙasan akwati, ya bi shi ya sa hannu a inda aka nuna masa. Motar ta yi wata tara tana aiki, injin ya buga, aka sayar da ita a arha. Ɗan ya ce zai tafi neman kuɗi. Ya tafi, ya kashe waya, ya bar wa tsoho matarsa da 'ya'ya mata biyu da bashi. A faɗi gaskiya ko ba daɗi: ɗan da ya yi haka ba ɗan kirki ba ne, ko wa ya haife shi. Uban da ya sa hannu a takardar da bai karanta ba, shi ma yana da nasa laifin.

Yanzu ga tsoho a kwance. Zuciya ta gaza, ƙafafu sun kumbura har fata na ƙyalli. Mako biyu da suka wuce likita ya ce a mai da shi gida a kula da shi, kowa kuma ya san abin da hakan ke nufi. Tun daga ranar abu ɗaya ya roƙa. Ya ce a ɗakin nan matarsa ta cika, a ƙarƙashin silin da ya buga da hannunsa, a nan yake so a rufe masa ido.

"Malam, kai ne mai walda?" in ji mutumin banki. "Aiki ne ɗan ƙarami. Nawa za ka yi?"

"Babu wuta," in ji mai walda.

"Ga janareta can ina gani."

"Ya lalace tun jiya."

Janaretan lafiyarsa lau. Sa'ad da suke tsallako titi ya zare fulogin ya jefa a aljihu. Ma'aikacin kotu ya dube shi, ya dubi janaretan, ya sa kwaɗo a jaka.

"Gobe ƙarfe goma," ya ce.

Ƙarya ƙarya ce, ba wanda zai yi mata wani suna. Mai walda bai saba da ita ba, shi ya sa bakinsa ya yi masa ɗaci har ya kasa cin abincin rana. Matarsa ta ɗauke kwanon tana cewa, "In za ka yi, ka yi ta da kyau. Har kunnuwanka rawa suke."

Washegari ya ce sandunan walda sun ƙare, ya aika kasuwa ba a samu irin nasa ba. Mutumin banki ya yi tsaki.

"Jiya janareta, yau sanduna. Gobe kuma hannunka ne zai yi ciwo?"

"Allah ya kiyaye, ranka ya daɗe."

Rana ta uku ma'aikacin kotu ya ja shi gefe, bayan motarsu. Dattijo ne mai furfura a gemu, da alamar ya gaji da aikinsa tun shekaru.

"Ɗan'uwa, na san abin da kake yi," ya ce a hankali. "Na kuma bar ka ka yi. Amma ni ma akwai na sama da ni. Yaron bankin nan ya kira nasu mai aikin. Gobe ƙarfe goma zai zo da injin huda, ya huda ƙyauren wuri huɗu, ya ɗaura farantin ƙarfe da noti, minti goma an gama. Ko kai, ko shi. Gidan dai gobe za a rufe."

Da suka tafi, mai walda ya wanke hannu ya tsallaka. Surukar Baba ce ta buɗe masa, matar ɗan da ya gudu. Ta rame, ta ɗaure kai da tsohon ɗankwali. A tsakar gida ta riga ta tara kaya cikin buhuna, ta rufe su da zane don kada tsohon ya hango ta taga.

"Ya ci wani abu?"

"Cokali biyu. Yaya, ya ji maganar hudawar fa. Mai kanti ya faɗa da ƙarfi a bakin taga."

Ɗakin yana warin man zafi da tsohon katako. An jingina Baba Kafinta da matasai uku, domin in ya kwanta sosai numfashi ba ya fita. A bangon kusa da kansa akwai doguwar ƙusa da aka tsire takardu a jikinta, tuli guda. Haka yake aiki tun yana saurayi. Duk takardar da ta shigo gidan, katin biki ne, takardar kuɗin wuta ce, wasiƙa ce, ba ya duba gabanta. Juya ta yake ya tsire, ranar da zai yi awo ya zaro ya rubuta a bayanta. Tsawon gadon rabin mutanen layin yana kan wannan ƙusa.

"Ɗan Tartsatsi," ya ce, muryar kamar ana jan zarto a jiƙaƙƙen katako. "An ce janaretanka ya mutu."

"Ya mutu, Baba."

"Na ji shi yana kuka jiya da yamma. Ko fatalwarsa ce?"

Mai walda ya zauna a bakin gado, ya sunkuyar da kai.

"Kwana uku ka sayo mini da ƙarya," in ji tsohon. "Na yi iya ƙoƙarina in tafi a cikinsu, wallahi. Abin ya ƙi. Ashe ba a hannuna yake ba." Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Surukar ta kawo ruwa, ya ture kofin. "Ka san shekarar da na yi ƙofar nan?"

"Ka faɗa mini sau ɗari."

"Za ka ji na ɗari da ɗaya. Shekarar da muka tare. Wata huɗu ina yinta bayan na tashi daga aikin mutane. Babu ƙusa ko ɗaya, katako ne ya riƙe katako. Marigayiya ta ce, Malam, sai yaushe za mu daina kwana da labule? Na ce ki yi haƙuri, wadda zan yi miki jikokinki za su tura ta. Shekara arba'in da ɗaya, ka taɓa jin ta yi ƙara?"

"Ban taɓa ba."

"To wani yaro zai zo gobe ya huda ta wuri huɗu."

"Baba, bari in je bankin da kaina. In durƙusa musu. Ko mako ɗaya ne."

"Ka durƙusa wa wa? Kwamfuta?" Ya miƙa hannu yana lalube a bango. "Zaro mini ɗaya. Da fensir."

Mai walda ya zaro ɗaya daga cikin tulin. Ambulan ce fara mai tambarin banki, a liƙe yadda ta zo. A ƙarƙashinta akwai irinta, da wata, da wata.

"Baba, waɗannan ai ba ka buɗe ba."

"In buɗe in ga me? Na san abin da ke ciki. Kuɗinsu suke so, ni kuma ba ni da shi. Takardarsu dai tana da kyau, ba ta cin fensir. Riƙe mini."

Layin da ya ja ya miƙe sak. Ya zana ƙofar, ya zana bango dama da hagu. Bai nemi tef ba, awon yana kansa.

"Kunnen ƙarfe ɗaya a wannan bangon, ɗaya a wancan. A bango, ka ji ko, ba a katako ba. Sai ka gitta sanda. Tsakanin sandarka da ƙofata, yatsu biyu. Kada ƙarfenka ya taɓa ta, in ruwa ya sauka tsatsa za ta zubo mata. Ka jiƙa buhu ka rufe ta kafin ka kunna wutarka. In na ga tabon tartsatsi ɗaya, ban yafe ba."

"Baba, ni zan rufe maka gida? Da hannuna?"

"Da hannun wa kake so? Ɗakin ya riga ya tafi, Ɗan Tartsatsi. Na haƙura da shi. Ƙofar ce ta rage."

Mai walda ya fito da ambulan a hannu, bai ga titi sosai ba. Ya mai da fulogi jikin janareta. Ya yanka sanda, ya lanƙwasa kunnuwa biyu, ya goge su har suka yi santsi, ya shafa musu jan fenti. Bai taɓa ɓata lokaci haka a kan aikin da bai kai kuɗin buhun siminti ba. Matarsa kuwa, a gidan hayarsu da ke jikin shagon, ta share ɗakinsu na gaba, wanda tagarsa ke kallon titi, ta fitar da keken ɗinkinta, ta shimfiɗa katifa.

Ƙarfe goma suka zo, da 'yan sanda biyu da wani mutum riƙe da injin huda. Mai walda ya tare su da sandarsa a kafaɗa.

"Na samu sanduna," ya ce.

"Ikon Allah," in ji ma'aikacin kotu, ya sallami mai injin.

Aka fara fitar da kaya. Mutanen layi suka yi ta ɗauka, buhu, tukunya, akwati. 'Yan matan biyu suna riƙe da zanen uwarsu. Daga ƙarshe aka zo kan tsohon. Ya ce ba za a ɗauke shi a katifa kamar gawa ba, a sa shi a kujerarsa. Mutum huɗu suka ɗaga kujerar. Kafin su fita ya ɗaga kai ya dubi silin, ya daɗe yana dubawa, su kuma suka tsaya da nauyinsa a hannu ba wanda ya ce a yi sauri. A bakin ƙofa ya miƙa tafin hannu ya shafi ƙyauren sa'ad da ake wucewa da shi.

A ɗakin mai walda, ya ƙi katifar da aka shimfiɗa masa. Ya ce a ajiye kujerar a bakin taga.

Mai walda ya ja wayar wuta daga shagonsa ya tsallako da ita titi. Ya jiƙa buhuna uku ya lulluɓe ƙofar. Ya fito da ambulan ya manna a bango yana duba awo. Mutumin banki, wanda ke tsaye yana danna waya, ya kai ido kan tambarin.

"Wannan ai tamu ce. Ba a ma buɗe ba." Ya karɓa ya duba kwanan watan da ke jikin hatimi. Fuskarsa ta sauya. "Ina sauran?"

"Suna cikin buhu. Me ya faru?"

Matashin ya farke gefen ambulan a hankali, ya kauce wa zanen. Ya karanta, ya ninke, ya sake buɗewa.

"Wata bakwai ke nan," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "An rubuto masa cewa in ya zo cikin kwana talatin, za a yanki filin baya inda rumfar aikinsa take a sayar, a bar masa gidan. Ni na buga wasiƙar da hannuna. Da ba mu ji daga gare shi ba, aka ɗauka ya ƙi, aka kai kotu." Ya dubi taga a tsallaken titi. "Me ya sa bai buɗe ba?"

Mai walda ya dubi zanen fensirin. Yaya zai gaya wa wannan yaro cewa takardarsu ba ta cin fensir?

"Yanzu fa?" ya tambaya. "Ba a iya komawa?"

"An riga an yanke hukunci. Akwai mai saye da ya biya rabin kuɗin gidan. Wallahi ba a hannuna yake ba."

Wata bakwai wasiƙar tana rataye taku ɗaya daga kan tsohon. Su kuma wata bakwai suna aiko da takarda bayan takarda, ba wanda ya ga ya dace ya tako ƙafa ya ƙwanƙwasa ƙofar ya yi magana da baki. Sai ranar kwaɗo suka san hanyar gidan.

"Ɗan Tartsatsi!" Muryar ta fito daga taga, siririya. "Me yake cewa? Ya ga kuskure ne?"

Mai walda ya karɓi ambulan, ya mai da wasiƙar ciki. Ya juya.

"Ya ce awonka ya yi daidai, Baba!"

"Da ma fa. Ka yi aiki ka bar surutu."

Wannan ita ce ƙarya ta uku, ita kaɗai ce kuma ba ta yi masa ɗaci a baki ba.

Ya fasa bango dama da hagu, ya dasa kunnuwan, ya cike da siminti mai saurin kamawa. Ya sauke gilashi ya kunna wuta. Tartsatsi ya yi ta zuba a kan jiƙaƙƙun buhuna yana mutuwa. A bayan baƙin gilashin ba mai ganin idonsa, ya gode wa Allah da haka.

"Hagu ta yi ƙasa!" in ji taga.

Ya duba. Ta yi ƙasa da kaurin ƙwayar shinkafa. Ya gyara.

Da ya gama, ya gitta sandar, ma'aikacin kotu ya sa kwaɗo ya danna. Ƙarar ta kai har tsallaken titi. Mutumin banki ya zaro kuɗin aiki, mai walda ya ce ya miƙa wa matar can mai 'ya'ya biyu. Matashin ya ƙara wani abu daga aljihunsa ya kai mata, bai iya haɗa ido da ita ba. Motarsu ta tashi.

Mai walda ya janye buhunan, ya goge ƙofar da busasshen tsumma, sannan ya shiga wurin tsohon.

"Nawa ka bari?"

"Yatsu biyu."

"Naka ko nawa? Naka kamar rodi suke."

"Nawa, Baba."

"To ya yi yawa. Amma na karɓa." Ya lumshe ido, ya buɗe. "Ashe ka iya aiki. Kada ka gaya wa kowa na faɗa."

Surukar ta kawo masa ruwa, wannan karon ya sha. Ya tambaya ko yaran sun ci abinci. Ya tambaya ko wayar ɗansa ta shiga. Ta ce ta gwada da safe. Ya ce ta sake gwadawa gobe, wataƙila caji ne ya ƙare masa. Daga nan bai ƙara magana ba. Yana zaune yana kallon tsallaken titi, numfashin yana ja yana tsayawa, yana ja yana tsayawa.

Wajen ƙarfe huɗu matar mai walda ta leƙo shago. Ta yafito shi da hannu. Ya kashe injin.

Ya sami tsohon yadda ya bar shi, kai ya ɗan karkata jikin taga, ido a buɗe. Surukar tana durƙushe ta riƙe ƙafar kujerar tana salati cikin kuka. Mai walda ya sa yatsunsa masu kaurin nan ya rufe masa ido. Sama da su silin ɗakin haya ne, na kwali, da tabon yoyo a kusurwa.

Aka yi masa sutura kafin rana ta faɗi. Mutane sun taru fiye da yadda aka zata, kusan kowa a cikinsu yana kwana a kan gadon da mamacin ya haɗa. Ɗan bai zo ba. Wayarsa a kashe.

Bayan kwana uku aka yi ruwa da safe. Da ya ɗauke, mai walda ya buɗe shago, ya zauna a kan benci, ya kasa kunna injin. Ambulan tana aljihun rigarsa, gefenta a farke, zanen fensir a bayanta. Ya tashi ya tsallaka titi. Ruwa ya taru a ƙasan sandar, ɗigo-ɗigo a jere, yana ɗiga a kan dakali. Ya zura yatsu biyu tsakanin ƙarfen da katakon. Suka shige ba su taɓa komai ba. Ƙofar a bushe take.